Oga ya ce a haɗa manhaja don matan ƙauye, anya tana aiki kuwa?

Wa alaikumussalam ƙanwata, sannu da ƙoƙari. In na fahimce ki, ƙungiyarku ta samu tallafin shekara biyu na aikin lafiyar mata masu juna biyu da yara masu tamowa a wasu ƙauyuka, oganku ya ce a ware kuɗi masu kauri a haɗa manhajar waya saboda masu ba da tallafin suna son su ji an ce dijital, ke kuma hankalinki bai kwanta ba, shine kike tambaya wai shin wannan harka ta waya da kwamfuta a aikin raya al'umma tana amfani da gaske ko dai kwalliyar rahoto ce.

Tana amfani wallahi, sosai ma. Amma ba ta hanyar da oganku yake hangowa ba. Na daɗe a ɓangaren tattara bayanai da sa ido kan ayyuka irin naku, kuma duk wanda na ga ya yi nasara sai kiga ya hau kan abin da mutane suka riga suka riƙe a hannunsu ne, sannan akwai mutum takamaimai da zai miƙe ya yi wani abu in saƙo ya iso, kuma an san wanda zai ci gaba da biya bayan baƙi sun tattara sun tafi. Sabuwar manhaja ita ce abu na ƙarshe da za ki yi tunani, sau da yawa ma ba a buƙatarta sam.

Kowa in zai yi maganar nan M-Pesa ta Kenya, wato tsarin tura kuɗi ta waya, yake fara kawowa, toh bari in gaya miki abin da ba a cika faɗa ba. Lokacin da aka fara gwada ta a 2005 a garin Thika, da kuɗin hukumar DFID ta Birtaniya da na Vodafone, ba don aika kuɗi aka yi ta ba, an yi ta ne don masu cin ƙaramin bashi a wata cibiya mai suna Faulu su riƙa biya ta waya. Sai aka lura mutane suna ta tura wa junansu kuɗi da ita, wani ma ya zuba kuɗinsa a ciki kafin ya hau mota saboda tsoron ɓarayi in ya sauka ya cire. Masu aikin suka bi mutane, suka sauya tsarin gaba ɗaya, Safaricom ta ƙaddamar da ita a watan Maris 2007 a matsayin hanyar tura kuɗi gida. Ba babbar waya take so ba, ƙaramar waya mai madannai ta isa, kuma ainihin ƙarfinta wakilan nan ne masu shago a kowane lungu da za ki ba su kuɗi su tura ko su ba ki tsaba a hannu. Binciken Tavneet Suri da William Jack da ya fito a 2016 ya ƙiyasta ta fitar da gidaje wajen 194,000 daga ƙangin talauci, kuma gidajen da mata ke riƙe da su suka fi amfana. Mu a Najeriya Babban Banki bai bar kamfanonin layi sun ja ragamar abin ba sai daga baya, MoMo ta MTN da SmartCash ta Airtel sai 2022 suka fara a matsayin bankuna, kafin nan masu POS sun cike gurbin. Kinga dai abu ɗaya ne, mutum mai tsabar kuɗi a kusa da gida.

Wanda nafi so ki sani shine na nan kusa damu, Nijar. Bayan farin 2009 da ya jawo yunwar 2010, ƙungiyar Concern Worldwide ta raba tallafin kuɗi a ƙauyuka 96 na jihar Tawa, wata biyar a jere, kuma mata ake ba. Wata masaniyar tattalin arziki Jenny Aker da abokan aikinta suka kasa ƙauyukan gida uku: wasu a ba su kuɗi a ambulan kamar yadda aka saba, wasu a ba su waya a riƙa turo musu ta Zap, wato tsarin kamfanin Zain wanda ya koma Airtel, wasu kuma a ba su waya amma kuɗin a hannu, don a gane shin wayar ce ke kawo bambanci ko hanyar biyan. Kuɗin iri ɗaya ne ga kowa. Amma gidajen da aka tura wa ta Zap sai aka samu abincinsu ya fi gauraya da kashi 9 zuwa 16 cikin ɗari, yaransu kuma sun fi cin abinci a rana. Me ya kawo haka? Matar da ake ba a ambulan sai ta taka zuwa wani gari ta wuni a layi, a lokacin damina da kowa ke gona, kuma duk gari an san ranar da aka yi rabo. Wadda aka turo wa ta waya kuwa ita ke fara jin ƙarar saƙo, ita ta san ya shigo, sai ta zauna da mai gidanta su yi shawarar abin da za a saya kafin a je a ciro. Wannan ɗan sirrin da ɗan lokacin da ta samu su ne suka koma wake da mai a tukunya. Amma ki lura da kyau, Concern sai da ta raba wayoyin, ta koya wa matan yadda ake duba saƙo da sa lambar sirri domin yawancinsu ba su yi boko ba, ta kuma haɗa kai da kamfanin don a samu wakilai a yankin. Ba tura kuɗi kawai aka yi aka koma ofis ba.

Ita dai Aker ɗin ta taɓa nuna cewa shigowar waya kasuwannin Nijar tsakanin 2001 da 2006 ta rage bambancin farashin hatsi tsakanin kasuwa da kasuwa da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari, kuma babu ƙungiyar da ta tsara wannan, 'yan kasuwa ne kawai ke buga waya su ji nawa buhun gero yake a wata kasuwar kafin su ɗauki mota. Togo ma a watan Afrilu 2020 lokacin korona da ta fito da shirin Novissi ba manhaja ta haɗa wa talakawa ba, *855# za ki danna ki sa lambar katin zaɓenki, kuɗi su shigo ta layi, kuma da gangan aka sa kason mata ya fi na maza.

Yanzu mu dawo kan ƙauyukanku. Kafin a kashe ko sisi, ki je da kanki ki zauna da matan nan ki tambaye su, ba wai "kina da waya?" ba, domin kowa za ta ce eh. Ki tambaya wayar tana hannun wa yanzu haka. Za ki tarar ta mai gida ce ya tafi da ita kasuwa ko cirani, ko ta ɗanta ce, ko kuma tana shagon mai caji tun jiya. Ki tambaya layin da sunan wa aka yi rajista, tunda daga Disamba 2020 aka tilasta haɗa layi da lambar NIN an rufe layuka da yawa kuma matan karkara suna cikin waɗanda abin ya fi duka. Ki tambaya a ina ake samun sabis, a ɗaki ko sai an hau tudu. Ki tura mata tes ki ga ko za ta iya karantawa, wata tana karanta Ajami da Alƙur'ani tsaf amma boko sai an kira yaro, kinga saƙon da ya shafi jinin da take gani a cikinta ba za ta so yaron maƙota ya karanta mata ba. Rahotannin GSMA, ƙungiyar kamfanonin layin waya ta duniya, na shekarun nan suna nuna matan Afirka kudu da Sahara sun gaza maza wajen amfani da intanet a waya da kusan kashi ɗaya cikin uku, wannan fa an haɗa da matan birni, na ƙauyen Katsina ko Damagaram ratar ta wuce haka nesa. Manhajar da sai an sauke a wayar Android an sayi data, wallahi wadda ta fi buƙatar taimakonku ita ce ba za ta taɓa ganinta ba.

Shi yasa ga matan kansu murya ta fi. Kira mai ɗauke da saƙon murya, ko lambar da za a yi wa filashin a kira mutum kyauta, da rediyo a gefe yana tallata lambar. Kuma kar ki ɗauka Hausa ta wadatar, in akwai rugage a yi da Fulatanci, in Borno ko Diffa ne a yi da Barbarci. A yi saƙon da sanin cewa mai gida zai ji, uwar miji ma za ta ji, ai su ne ke cewa a tafi asibiti ko a bari a ga safe, gara ma a yi musu nasu saƙon kai tsaye cikin girmamawa. Afirka ta Kudu ta yi MomConnect tun 2014, ana yi wa mace rajista a wurin awo, saƙo yana bin watannin cikinta, tana iya turo tambaya ko ƙorafi a amsa mata, kuma abin da ya raya shi shine na ma'aikatar lafiyar ƙasar ne ba na wata ƙungiya ba.

Sai maganar wanda zai miƙe in saƙo ya iso, nan ne ayyuka da yawa suke mutuwa. Ki duba yaƙi da shan inna a arewa. Da can taswirar da masu ɗigon rigakafi ke bi da hannu ake zana ta, akwai rugage da ƙauyuka a bakin iyakar mazaɓu da kowane ɓangare yake zaton na ɗayan ne, shekara da shekaru ba wanda ya taka. Daga wajen 2012 aka fara zana taswira da hoton tauraron ɗan'adam, aka kuma ba tawagogi wayoyi masu GPS su sa a jaka, wayar tana rubuta inda suka bi, eHealth Africa da ke Kano tana cikin waɗanda suka riƙe wannan aikin da tallafin gidauniyar Gates. Mai ɗigon ba ta danna komai, ɗauka kawai za ta yi ta dawo da ita da yamma. Amma abin da ya sa ya yi aiki shine taron yamma, inda ake zama a ƙaramar hukuma a buɗe taswira a ce unguwa kaza ba a shiga ba, gobe da safe a koma, kuma akwai cibiyar gaggawa a jiha da ke bin diddigi, ga hakimai da dagatai da masu unguwanni da ake kira in an samu gidan da ya ƙi. Wayar tana nuna an je ne kawai, ba ta nuna an ɗiga wa yaro a baki, wannan sai mutane. A 2016 aka ƙara da AVADAR, ɗan bidiyo da ake tura wa masu sa ido a gari duk mako, masu maganin gargajiya da ungozoma da sauransu, yana nuna yadda shanyewar ƙafa take a yaro yana tambaya ko sun ga irinsa, in suka ce eh jami'i ya hau babur ya je. A Borno aka ga yaro na ƙarshe da ƙwayar shan inna ta daji, wato ta asali, ta kama a 2016, ranar 25 ga Agusta 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji.

Toh ki auna da naku. Ungozoma ta danna ta ce mace tana zubar da jini, sai me? Wa zai gani da ƙarfe biyun dare, wa ke da mota, wa zai sa mai, asibitin da za a kai ta akwai ma'aikaciya a lokacin, akwai jini? In babu amsar waɗannan kun haɗa na'urar ƙirga mutuwa ne kawai, Allah ya kiyaye. Akwai tsarin da aka yi a jihohin arewa da direbobin ƙungiyar NURTW, ana horar da su su riƙa ɗaukar mata masu naƙuda cikin gaggawa, fasahar da ke ciki duka duka lambar direba ce a wayar mai unguwa da ta ungozoma. Ni a wurina kuɗin da za a ba mai haɗa manhaja gara a sa rabinsa a irin wannan.

Ga ma'aikatanku kuwa, masu bi gida gida da masu auna hannun yara, nan babbar waya tana da amfani ƙwarai, amma kayan aikin suna nan an riga an yi su. KoboToolbox da ODK, manhajojin cike fom a waya, kyauta ne ko kusan kyauta, suna aiki ba sabis, in an dawo gari a tura. In kuna son bin mace ɗaya daga awon farko har haihuwa har rigakafin jariri, CommCare don haka aka yi ta. RapidPro ta UNICEF tana tura tes da karɓar amsa, da ita ake U-Report, shirin jin ra'ayin matasa ta waya. Fom ɗin da za ki zauna ki haɗa a Kobo cikin sati ɗaya, wani kamfani zai karɓi miliyoyi ya yi wata shida, in kwangila ta ƙare kuma ko ƙara tambaya ɗaya kike so sai kin biya. Na taɓa shiga wani ƙaramin asibiti na tarar da tabulet a kulle a kabad, wasu batir ya kumbura, aikin da ya kawo su ya ƙare ba wanda ya san lambar buɗewa, ma'aikaciyar kuma tana cike rajistar takarda kamar yadda ta saba. A wani wurin ma'aikaciya ɗaya tana riƙe da wayoyin ƙungiyoyi daban daban kowacce da fom ɗinta, ga rajistar gwamnati, marasa lafiya suna zaune a benci suna jira. Wannan zalunci ne a kanta. Uganda abin ya ishe ta har a 2012 ma'aikatar lafiya ta dakatar da duk sababbin gwaje-gwajen lafiya ta waya sai an daidaita su da tsarin ƙasa. Najeriya da Nijar da Gana duk DHIS2 suke amfani da ita wajen alƙaluman lafiya, wadda Jami'ar Oslo ke kula da ita, saboda haka tun ranar farko ki je wurin jami'in bayanai na ƙaramar hukuma da hukumar lafiya matakin farko ta jiha ki tambaya yadda naku zai shiga nasu.

Wayar za ta kuma tona miki masu cike fom a gindin bishiya, domin za ki ga gida talatin duk GPS ɗinsu wuri ɗaya kuma kowace hira minti biyu. In kin gani kar ki yi saurin kora, ki fara duba ko an biya su alawus da kuɗin mota, da yawa daga nan matsalar take.

Ki kuma ajiye takarda a gefe ko da yaushe. A 2013 an kashe sabis a Borno da Yobe da Adamawa lokacin dokar ta-ɓaci, a Satumba 2021 an kashe na Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, farkon 2023 kuma da aka yi ƙarancin takardun naira, wanda aka tura wa tallafi a asusu sai ya bar wani kaso mai yawa wurin mai POS kafin ya ga tsaba, in ma ya samu. Shirin takin GES na gwamnatin Najeriya, na zamanin da Akinwumi Adesina yake ministan noma, da aka fara a 2012 ya yi ƙoƙarin datse 'yan tsakiya ta hanyar tura wa manomi saƙo a waya, kuma manoma da yawa sun samu, amma inda ba sabis ko manomin ba shi da waya sai aka koma duba suna a takarda a wurin rabo.

Abin da ya fi damuna a wannan harkar, kuma ba a cika koya wa sababbin ma'aikata ba, shine amanar bayanan mutane. A Janairu 2022 ƙungiyar Red Cross ta duniya, ICRC, ta sanar an yi mata kutse an taɓa bayanan mutum sama da 515,000, mutanen da yaƙi da hijira suka raba da danginsu. A 2021 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan'adam ta Human Rights Watch ta fitar da rahoto cewa bayanan 'yan gudun hijirar Rohingya da UNHCR, hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta tattara a Bangladesh sun kai hannun gwamnatin Myanmar, wato wadda suka gudo mata, kuma da yawansu ba su fahimci za a yi hakan ba, UNHCR ɗin ta ce ta nemi izininsu. Wannan manya kenan masu ƙwararru da kuɗi. Ke yanzu ki yi tunanin fayil mai sunan mace, sunan mijinta, lambar waya, GPS ɗin ƙofar gidanta da ranar da za a tura mata kuɗi, yana yawo a guruf ɗin WhatsApp na ma'aikata, a yankin da ake satar mutane don kuɗin fansa kuma kowa ya san akwai infoma. Ko kuma mai ɗauke da sakamakon gwajin ƙanjamau, ko cikin yarinyar da ba ta da aure. Dan Allah duk abin da ba za ku yi aiki da shi ba kar ku tambaya. In ba dole ba kar a ɗauki hoton fuska ko zanen yatsa, lambar sirri ana canza ta in ta fita amma yatsa ba a canza shi. Kowace waya a sa mata makulli, kowa da nasa izinin shiga, wanda ya bar aiki a rufe nasa ranar. Kuma ki sani matar da ɗanta ke kwance da tamowa duk abin da kika ce ta dangwala za ta dangwala, wannan ba yarda ba ce ta gaskiya sai in kin gaya mata da bakinki cewa ko ta ƙi za a ba ɗanta magani, kuma ya zama hakan ne. Najeriya tana da dokar kare bayanai tun Yuni 2023, ta hau kan ƙungiyoyi irin taku.

Sai kuɗi. Farashin waya shine ƙarami a lissafin. Akwai caji da sola, data duk wata, gyaran sikirin, waɗanda za su ɓata ko a sace, bita duk sanda aka sauya ma'aikata, kuɗin rumbun da bayanan ke zaune, da albashin wanda zai riƙa duba su kullum yana kiran mutane. Shekarar 2025 ta koya wa kowa darasi, da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin waje a watan Janairu har ta kai ga rufe USAID, hukumarta ta ba da tallafi, ayyuka da yawa sun tsaya cak cikin kwanaki, har da masu kula da bayanan lafiya. Tallafinku na shekara biyu ne, toh a rubuce a yarjejeniya a faɗi wanda zai karɓi wayoyin da bayanan da lambobin shiga a wata na 25, kuma ya zama ya san da maganar tun yanzu ya amince.

Da oganku kuma kar ki je masa da "a'a" tsirara, zai ga kamar kina tare masa hanya ne. Ki ce ranka ya daɗe a ba ni wata ɗaya in zaga ƙauyuka biyar ko shida in dawo da adadin matan da ke da wayar kansu, masu karanta tes, da inda sabis yake. Sai ki kawo masa tsari: Kobo ko CommCare ga ma'aikata, saƙon murya ga iyalai, lambar direba da ta ma'aikaciyar asibiti a kowace unguwa, alƙaluma suna shiga DHIS2 duk wata, da shafi ɗaya kan yadda za a kare bayanai. Masu ba da tallafin da kansu da yawansu sun sa hannu kan wasu ƙa'idoji tara na aikin dijital a harkar raya ƙasa, a tsarinsu na farko akwai cewa a tsara abu tare da mai amfani da shi, a kuma sake amfani da abin da ke akwai maimakon ƙirƙiro sabo, ki nemo su ki liƙa a takardar da za ki kai masa. In kin haɗa fom ɗin farko, ki ba wadda ta fi kowa tsufa da ƙarancin boko a cikin ma'aikatanku ta gwada a rana tsaka a tsakar gidan mutane, duk tambayar da ta tsaya tana kallo ki gyara ta ko ki cire ta kafin a raba wa sauran.